Nun ko Jinjirin Wata: Wayo, Ilimi da Hankali a Ruwan Bagaja

Gabatarwa

A shekarar 1933 Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin jagorancin Dokta Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Daga cikin littattafan da gasar ta haifar akwai Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da kuma Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda a lokacin yake matashi ɗan shekara 22, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Yau fiye da shekara 90 ke nan, amma da wuya a sami ɗalibin Hausa da bai bi Alhaji Imam yawon duniya ba, bai kuma yi dariyar Malam Zurƙe ɗan Muhamman ba.

Wannan dariya ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Sharhin da aka saba yi wa littafin a aji yakan tsaya a kan nishaɗi da ramuwar gayya da juriyar tauraro, sai a ɗan taɓo labaran da marubucin ya aro daga littattafan Gabas, a rufe. Ni kuwa ina ganin a ƙarƙashin barkwancin akwai tambaya mai nauyi da Imam ya binne: idan mai ilimi da mai wayo suka yi jayayya a gaban jama'a, wa ke yanke hukunci, da wane ma'auni, kuma wa ke ɗaukar asara idan an yanke ba daidai ba? Zan bi wannan tambaya ta cikin littafin, sa'an nan in fito da ita bakin Kogin Haɗeja, inda mu mutanen Malam Madori da maƙwabtanmu muka daɗe muna zaune da sakamakonta.

Muƙabala a ƙofar fada

Mai karatu zai tuna cewa a cikin tafiyarsa Alhaji ya sauka a wani gari da jahilci ya yi wa katutu. Da ya lura ba mai iya tuhumarsa, sai ya naɗa wa kansa malanta, alhali karatunsa bai taka kara ya karya ba. Ya sami karɓuwa da girma, har ranar da Malam Zurƙe, wanda ya sha tawada da gaske, ya iso garin, aka shirya gwada su. Jama'a ta taru. Alhaji ya ja wani ɗan lanƙwasasshen zane a ƙasa, ya ce abokin karawarsa ya faɗi ko mene ne. Zurƙe ya duba da idon almajiri, ya ce harafin nun ne. Aka ce bai dace ba. Ya shiga lalube cikin sauran haruffan da suka yi kama da shi, kowanne aka ƙi. Daga nan Alhaji ya bayyana wa taro cewa jinjirin wata ne a farkon tsayuwarsa. Kowa ya duba, ya ga wata. Aka kori malamin gaske da ature, na bogi ya ci gaba da shan girma.

Idan aka ajiye dariya gefe, aka ɗora wannan fage a kan sikelin mantiƙi, abu na farko da zai bayyana shi ne Zurƙe bai yi ƙarya ba, Alhaji ma bai yi ba. Zanen ya yi kama da nun, ya kuma yi kama da wata. Lanƙwasa ce kawai a kan rairayi, ba ta da ma'ana sai wadda mahalli ya ba ta: a kan allo harafi ce, a sararin samaniya wata ce, a hannun manomi ma sai a ce lauje. Malaman mantiƙi sun daɗe da yin gargaɗi a kan lafazin da ke ɗauke da ma'ana fiye da ɗaya, suka ce kada a shiga jayayya sai an tsayar da abin da ake nufi. Tambayar Alhaji tarko ce tun daga tushe, domin amsarta tana cikin cikinsa, kuma yana da ikon sauya ta duk sa'ad da ya ga dama. Da Zurƙe ya ce wata ne, ba abin da zai hana Alhaji ya ce nun ne, ya kuma zarge shi da rashin sanin haruffa.

Kuskuren Zurƙe iri biyu ne. Na farko, ya karɓi tambaya bai nemi sanin fagenta ba. Na biyu ya fi muni: da aka ce masa bai dace ba, sai ya saki amsarsa ya koma canki-canki. Wanda ya tabbata da hujjarsa yakan tsaya ya ce a kawo dalilin da ya hana zanen zama nun. Shi kuwa ya koma neman abin da zai gamsar da mai tambaya, kuma daga wannan lokaci ya sauka daga buzun malanta ya zama ɗan caca. Yana da ilimi, wato abin da aka zuba masa a ka. Abin da ya rasa a ranar shi ne hankalin da zai sa ya ɗaga kai ya dubi taron, ya gane cewa alƙalan da za su yanke masa hukunci ba su san nun ba balle su shaide ta.

Su kuma mutanen garin, idonsu lafiya lau yake. Sun ga wata, kuma akwai kamannin wata a wurin. Inda suka zame shi ne wajen fitar da natija. Abin da aka taru a gano shi ne wanda ya fi sanin littafi. Abin da aka gwada kuwa shi ne wanda ya fi sanin abin da su suka sani. Lissafinsu ya tafi kamar haka: wannan ya faɗi abin da muka gane, wancan ya faɗi abin da ba mu gane ba, saboda haka wannan ne malami. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma su ne kuma suka ce hankali ke gani, ido gululu ne. A wannan fage na Imam karin maganar biyu suka kara, ta farko ta yi wa ta biyu kaye.

Matsalar tsohuwa ce. Masanin falsafar nan na Girka, Aflatun, ya kawo misalin likita da mai sayar da kayan zaƙi suna shari'a a gaban alƙalai yara: ɗaya yana ba su magani mai ɗaci, ɗaya yana ba su abin lasa, kuma ba sai an faɗi wanda yaran za su ba gaskiya ba. A ƙasar Hausa ma ba baƙon zance ba ne. Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim Almagili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi rubutu a kan mantiƙi, har ya yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi na Masar, wanda ke ganin haramcin fannin, shi kuwa Almagili yana kare shi a matsayin ma'aunin da ke tsare tunani daga zamewa. Malamin da ya wallafa Ahalari, littafin da kowane almajirin fiƙihu ya fara da shi, shi ne kuma ya tsara Sullamu a fannin mantiƙi, wanda ake karantawa a zaurukanmu. Ashe kayan aikin da Zurƙe yake bukata don kuɓuta daga tarkon Alhaji suna nan cikin gafakar malaman ƙasarsa. Bai dai ɗauko su ba.

Abin da Alhaji ya manta

Akwai wani abu a zubin littafin da nake ɗauka shi ne ƙashin bayansa. Mene ne ya fitar da Alhaji daga Kwantagora tun farko? Ɗan Sarki ne ya kwanta ciwo, magani ya gagara. Liman, wanda ya riƙi Alhaji kamar ɗan cikinsa, ya faɗa a fada cewa da za a sami ruwan Bagaja da an dace. Sarki ya ɗauki maganar a matsayin izgili, aka ci mutuncin dattijon a bainar jama'a. Zafin wannan wulaƙanci ne ya sa Alhaji ya ɗaura aniyar ba zai zauna ba sai ya kawo ruwan.

To, a duba da kyau. Liman shi ne Zurƙe na farko: mai sani ya faɗi abin da masu sauraro ba su da hanyar tantancewa, aka saka masa da tozarci. Alhaji ya bar gida don ya wanke malamin da fada ta kunyata, sai ga shi a kan hanya ya tara wata fadar da hannunsa ta kunyata wani malamin. Abin da aka yi wa ubansa ya sa shi barin gida, shi ne ya yi wa uban wani yana dariya. Bai taɓa tsayawa ya ga wannan kamanni ba, kuma mu masu karatu da ƙyar muke ganinsa, domin daɗin labari ya ɗauke mu. A nan ne Imam ya taɓo wani abu na gaskiya game da halin ɗan Adam: zalunci yakan yi mana zafi idan ya sauka a gidanmu, ya zama abin raha idan mu muka sauke shi a gidan wani. Kaifin basira ba ya maganin wannan makanta. Sau da yawa ma shi ke ƙara ta, domin mai basira ya fi kowa iya samar wa kansa uzuri.

Sai dai littafin bai tsaya nan ba, kuma a nan ne nake jinjina masa. Ta yaya Alhaji ya wanke Liman daga ƙarshe? Mutum ne da ya yaudari garuruwa da sarakuna da attajirai. Me ya hana shi ya laɓe a wani ƙauye na 'yan watanni, ya cika gora da ruwan rijiya, ya dawo ya ce ga ruwan Bagaja? Ai ba wanda ya taɓa ganin ruwan balle ya ƙaryata shi. Abin da ya hana shi guda ne: akwai majiyyaci a kwance. Ana iya ruɗin Sarki da fadawa, amma jikin mara lafiya alƙali ne da ba ya karɓar toshiyar baki. Ko ya tashi, ko bai tashi ba. Saboda wannan alƙali ne Alhaji ya yi shekara 15 a kan hanya.

Haka kuma, idan aka lura, ba dabarun da ya yi wa Zurƙe ne suka kai shi ga ruwan ba. Abin da ya buɗe masa hanya shi ne ya durƙusa gaban tsoho mai ibada a kogon dutse ya yi tambaya, aka gaya masa ruwan yana ƙasar Irami a hannun aljannu, ya kuma bi kwatancen da manya suka yi masa. A gaban mutane yana da baki, a gaban abin da yake nema kuwa sai kunne. Wani zai ce ina kimiyya a cikin labarin aljannu? Amsata ita ce kayan labarin na tatsuniya ne, amma tsarin hujjarsa na kimiyya ne: an yi da'awa, an ƙaryata ta ba tare da gwaji ba, wani ya sha wahala ya kawo abin gwajin, aka gwada a gaban kowa, sakamako ya yanke hukunci. Kimiyya, a taƙaice, ita ce ɗabi'ar kai ƙara gaban alƙalin da ba a iya yi wa daɗin baki. Littafin yana ɗauke da kotu biyu, ta ƙofar fada da ta ɗakin majiyyaci, kuma darajarsa tana cikin tazarar da ke tsakaninsu.

Wayo yana bukatar hanya

Harshen Hausa bai haɗa waɗannan abubuwa a kalma ɗaya ba. Ilimi ana nemansa, ana ba da shi. Wayo na Gizo ne, wanda yakan ci nasa ya ci na wani, ya haye rufin ɗaki. Hankali kuwa shi ake yi wa yaro addu'ar samu, shi ake cewa mutum ya yi idan zai tsallaka rami, kuma wanda ya rasa shi an ɗauke masa alƙalami. A 1974 Anthony Kirk-Greene ya fitar da nazarinsa a kan mutumin kirki a wurin Hausawa, ya lissafa siffofi irin su gaskiya da amana da karamci da haƙuri da hankali da kunya da mutunci da adalci. Wayo ba ya cikin jerin. Muna sha'awarsa a tatsuniya, amma ba ma ba shi 'yarmu aure.

Me ya sa, to, Alhaji ya tsira da mutuncinsa a idonmu? Dalilin yana cikin tsarin littafin. Ruwan Bagaja labarin tafiya ne, gari bayan gari. Kowace dabara takan ƙare da tashi: a ci riba, a ɗaure kaya, a yi gaba. Wayo irin na Alhaji ba ya rayuwa sai da hanya a buɗe, domin ramin ƙarya ƙurarre ne ga wanda zai kwana a garin. Alƙalamin marubuci yana bin matafiyi, ba ya komawa ya leƙa waɗanda aka bari. Mutanen da suka kori malamin gaske suka riƙe na bogi, wa ya koya wa 'ya'yansu karatu bayan an watse? Wa ya gyara musu abin da aka koya musu ba daidai ba? Littafin bai ce komai ba. Zurƙe kaɗai ne ke sake ɓullowa, shi ma don ya rama, kuma abin da ya koya daga kayen da ya sha shi ne ya zama mai wayo irin abokin gabarsa. An yi asarar malami, an sami ƙarin ɗan duniya.

A ƙara da cewa labarin duka daga bakin Alhaji yake fitowa, bayan ya dawo ya zama attajiri, yana ba Koje Sarkin Labari da jama'arsa. Tarihi ne na wanda ya ci nasara, a zaurensa, a gaban baƙin da ke cin tuwonsa. Wannan shi ne babban abin da nake tuhumar littafin da shi: ya ba wayo murya, ya bar waɗanda wayo ya taka ba su da baki. Ɗalibin da ya karanta shi ba tare da jagora ba yana iya fita da darasin cewa duniya ta mai dabara ce, muddin ya san lokacin tashi.

Karatu daga bakin kogi

Wanda ya tashi a ƙasar Haɗeja yana da dalilin karanta wannan littafi da wani ido daban, domin mu ne mutanen da ake bari a gari bayan matafiyi ya wuce. Malam Madori kanta hanya ce ta raya ta: tashar jirgin ƙasa ce a kan layin Kano zuwa Nguru, inda aka riƙa tara gyaɗa ana lodawa zuwa kudu. Mun san fuskar mai zuwa ya saya ya tafi. Amma babban darasinmu a kan ilimi da hankali daga ruwa ya zo.

Kogin Haɗeja yana samuwa ne daga haɗuwar Kogin Kano da Kogin Challawa. Idan ya baro ƙasa mai duwatsu ya shigo rairayi, sai ya rage gudu, ya rarrabu tsakanin jigayi, ya bazu cikin fadamu har zuwa Nguru, kafin ragowarsa ta haɗu da ta Kogin Jama'are ta bi Komadugu Yobe zuwa Tafkin Chadi. Wannan bazuwa ta kowace damina ita ce rayuwar yankin. Manomi yakan shuka shinkafa a cikin ruwan, idan ya janye ya bi danshin da wake da sauran amfanin rani. Masunta su kama kifin da ya hayayyafa a cikin ambaliya. Makiyaya su sauko da shanu lokacin da jeji ya bushe. Ruwan da ya nutse cikin ƙasa kuma shi ke cika rijiyoyin garuruwan da ko ganin kogin ba sa yi.

A 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, lokacin da Haɗeja ke cikin Jihar Kano, aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano. A 1992 aka kammala ta Challawa. Ba wanda zai yi musun amfaninsu: birnin Kano yana sha daga gare su, kuma noman rani na Kadawa yana cika kasuwanni da tumatir da shinkafa da alkama. Waɗanda suka tsara su masana ne na gaske, kuma an yi aikin a zamanin da farin 1973 ya nuna wa kowa abin da rashin ruwa ke yi. Sun karanta harafinsu daidai: ga yawan ruwan da ke sauka, ga wanda za a iya tarewa, ga kadadar da zai shayar. A wannan lissafi, ruwan da ke bazuwa a fadamun Haɗeja da Nguru ya fi kama da ruwan da ya ɓace, rana ta sha rabi, rairayi ya sha rabi. Masunci da manomin fadama kuwa da suka dubi zanen nan guda, abincin shekara suka gani.

Ga nun, ga jinjirin wata. A littafi an yi amfani da idon jama'a aka kayar da malami. A bakin kogi an yi amfani da karatun malami ba a nemi idon jama'a ba. Kuskuren dai guda ne, wato an amsa tambaya kafin a tsayar da fagenta. An tambayi nawa ruwan zai samar idan aka tare shi, ba a tambayi nawa yake samarwa da yake a sake ba. Dabarar Alhaji ma ba ta ɓace ba a nan, wato zaɓen hujjar da taro zai iya gani da ido. Madatsa abar nunawa ce: ga bango, ga tafki, ga koren fili a tsakiyar rani. Asarar da ke ƙasa kuwa a warwatse take cikin ɗaruruwan ƙauyuka, kwandon kifi a nan, buhun shinkafa a can, guga da ke ƙara nisa a rijiya. Ba a yanka mata kyalle, ba a ɗaukar ta hoto.

Ambaliyar shekara-shekara ta ragu, madatsu da fari suka haɗu a kanta. Sa'an nan wani abu ya biyo baya wanda ba ya cikin lissafin kowa. Sakin ruwa da rani ya mai da kogin da ya saba ƙafewa mai gudana duk shekara. Kachalla, wadda bushewar rani ke karya wa ƙarfi a da, ta sami wurin zama, ta haɗu da yashi ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi. Ruwa ya rasa hanyarsa, ya kwanta a gonakin wasu, ya ƙaurace wa na wasu. Idan aka yi damina mai ƙarfi, kamar ta 2020 da ta 2022, sai ya haura ya ci gonaki da gidaje a faɗin masarautar. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a kogi karin maganar ba ta cika aiki ba: na sama ke yanke shawara, na ƙasa ke jiƙewa.

Ko an ɗora wa littafin kayan da ya fi ƙarfinsa?

Mai karatu yana da damar ya ce Imam labarin ban dariya ya rubuta yana saurayi, don a sami abin karantawa a makarantu, ba littafin falsafa ba. Na yarda da rabin wannan magana. Amma akwai shaida cewa tambayar ba ta bar shi ba. A Magana Jari Ce, wanda ya biyo baya cikin shekarun 1930, ya sake kafa fada, ya sake sa masu dabara biyu a cikinta. Waziri yana amfani da tasa don ya ci amanar Sarki. Aku kuwa yana amfani da tasa, dare bayan dare, don ya tsare Musa ɗan Sarki a gida da labarai har hatsari ya wuce. Dukansu gwanayen baki ne. Abin da ya raba su shi ne amana, da kuma cewa aku ba shi da niyyar tashi: a gidan zai kwana, da sakamakon maganarsa zai zauna. A wannan karo Imam bai bar maci amana ya ɗaure kaya ya yi gaba ba. Ina karanta wannan a matsayin gyaran da marubuci ya yi wa kansa.

Kada kuma a ɗauka ina kiran a juya wa ilimin zamani baya. Ƙasar da ta haifi Mu'azu Haɗeja, mawaƙin da ya yi amfani da alƙalaminsa wajen kiran mutanen Arewa su rungumi ilimin zamani, ba za ta yi wannan kira ba. Hasali ma, gyaran lissafin madatsun daga kimiyya ya fito. A 1993 Hollis da Adams da Aminu-Kano suka fitar da littafi a kan dausayin Haɗeja da Nguru, wanda ya tattara bincike a kan ruwansa da tattalin arzikinsa. A 1998 Edward Barbier da Julian Thompson suka auna amfanin ruwan a manyan ayyukan noman rani na sama da amfaninsa a fadamun ƙasa, suka nuna cewa ribar da ake samu a sama ba ta kai ta maye gurbin abin da ake rasawa a ƙasa ba. Yadda aka kai ga wannan sakamako shi ne abin lura: sai da aka sa kifi da itacen girki da amfanin fadama a cikin lissafi, wato sai da masani ya sauko ya ƙirga abin da talaka ya daɗe yana gani. Zurƙe ne ya dawo garin, ya zauna, ya tambayi mutane me suke gani a zanen, sa'an nan ya koya musu nun.

Wannan haɗuwa ita nake kira hankali. Idon jama'a shi kaɗai yana iya bin duk wanda ya iya zana wata, kuma a zamanin wayar hannu masu zanen sun yi yawa, taron ƙofar fada ya koma Facebook da WhatsApp, inda mai maganin ƙarya yakan fi likita mabiya. Karatun masani shi kaɗai kuma yana iya zama daidai a takarda ya zama masifa a gona. Hankali shi ne tsayawa a tambayi fagen tambaya, a nemi alƙalin da ba a iya ruɗa, a kuma ƙirga da wanda zai zauna da sakamakon.

Kammalawa

Ruwan Bagaja ya cancanci matsayin da yake da shi, saboda daɗin Hausarsa da saurin tafiyarsa, da kuma saboda ya fi yadda muke koyar da shi zurfi. Ƙarfinsa shi ne ya ajiye kotu biyu kusa da juna, wadda ake ci da baki da wadda ba a ci sai da gaskiya, ya kuma nuna mutum guda yana shiga kowacce da fuska daban. Rauninsa shi ne ya bi mai nasara ya manta da waɗanda aka bari a baya. Aikin mai nazari ne ya cike wannan giɓi.

Shawarata ga malamai da ɗaliban adabi ita ce, idan aka zo fagen muƙabala aka gama dariya, a dakata kafin a juya shafi. A sa ɗalibi ya rubuta tambayar da ya kamata Zurƙe ya yi kafin ya buɗe baki. A sa wani ya rubuta abin da ya sami garin shekara guda bayan tafiyar Alhaji, daga bakin uban da ya kai ɗansa karatu wurin malamin bogi. Yaran da ke zaune a azuzuwan Malam Madori da Auyo da Guri da Kirikasamma, daga cikinsu ne za a sami injiniyoyin da za su riƙe ƙofofin madatsu gobe, da waɗanda za su sa hannu a takardun rabon ruwa. Maganar gina madatsar Kafin Zaki a kan Kogin Jama'are ta daɗe tana tashi tana kwanciya, kuma duk ranar da ta sake tashi za a zana wani abu a ƙasa a ce jama'a su faɗi ko mene ne. Ina fatan a ranar za a sami wanda zai tambaya, kafin kowa ya amsa, su wane ne ke zaune a ƙarshen kogin.